Tafiyar farko da jakar goyo zuwa ƙasashe uku ko huɗu: wace hanya ya kamata ka zaɓa?

Tunda na dawo daga yawon Benin da Togo da Gana mutane ke ta tambayata abu ɗaya, wai in mutum ya tara ɗan kuɗinsa yana so ya rataya jakar goyo ya ga ƙasashe da yawa a fita ɗaya, ta ina zai fara. Kusan kowa da taswira yake zuwa, ya ja layi daga nan zuwa can ya lissafo ƙasashe bakwai cikin sati biyu. Ɗan uwa ajiye taswirar tukuna, ɗauko fasfonka ka kalle shi, domin koren fasfon nan shi ne zai faɗa maka inda za ka iya shiga, ba son ranka ba. Ni da abu uku nake auna kowace hanya: biza nawa za ta ci, boda nawa zan tsallaka da ƙafata, sannan in wani abu ya same ni da daddare akwai wanda zan yi wa magana ya gane ni ko babu. Na ukun nan da ba na lissafa shi, sai da na ji a jikina.

Turai dai mu wuce ta, kuɗin bizar Shengen kaɗai yuro 90 ne tun 2024 kuma in an hana ka ba a mayarwa. Tailan da Maleshiya da Indonesiya, inda ƴan YouTube ke nuna suna yawo da arha, gaskiya ne akwai arha amma su fasfonsu daban ne, kai kowace ƙasa bizarta daban, har takardar wankewa daga NDLEA ake nema kafin ka ma fara, ga kuɗin jirgi da zai cinye rabin abin da ka tara. Ba ta farko ba ce.

Gabashin Afirka ya fi su dama. Ruwanda ta buɗe ƙofa ga ƴan Afirka ba biza, Kenya ma ta sassauta, amma jirgi ne dole, kuma abubuwan da ake zuwa gani can kuɗinsu da dalar Amurka ake faɗa, takardar shiga ganin goggon biri a Ruwanda kaɗai ɗaruruwan daloli ce. Tanzaniya kuma ɗan Najeriya sai ya nema tun daga gida ya zauna jira. Ka bar ta ta zama tafiya ta biyu ko ta uku.

Wadda ta kusa sace min zuciya ita ce Sanagal da Gambiya. Ba biza, ka sauka Dakar ka ga tsibirin Gore, ka wuce Kaulaha ka ziyarci Madina Baye garin Shehu Ibrahim Inyass, inda Hausa ba baƙuwa ba ce saboda mutanenmu da ke zuwa Maulidi da masu karatu, daga nan ka gangara Gambiya. Matsalarta ɗaya, hanyar ƙasa ta cikin Mali ko Burkina ba ta da tsaro yanzu, don haka sai jirgi, ƙasashe biyu ne kuma kawai. Haka Nijar zuwa Burkina zuwa Mali, da ita ce ta fi kusa da mu, amma ƙasashen uku sun fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, ga halin da dazukan suke ciki, ba zan tura ɗan wani can da sunan yawon buɗe ido ba.

To ni tawa ita ce hanyar bakin teku: Legas, Kwatano, Lome, Akra, sannan ka juya arewa Kumasi, Tamale har Salaga. Ƙasashe uku ban da taka, Benin da Togo da Gana, ba biza ko ɗaya saboda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka kwana 90 a kowacce, ba jirgi ko ɗaya in ba ka so, kuma garuruwan kusa suke da juna ƙwarai. Daga Legas zuwa Kwatano wajen kilomita 120 ne, Kwatano zuwa Lome wajen 150, Lome zuwa Akra bai kai 200 ba, faɗin Togo gaba ɗaya a bakin teku kilomita hamsin da ƴan kai ne, bodar Gana ma a gefen garin Lome take, da babur za ka je. Ma'ana kullum tafiyar wuni ɗaya ko rabin wuni ce, ba za ka taɓa kwana a hanya ba sai in kai ka so.

Amma abin da ya sa nake sonta ba wannan ba ne. Duk garin da ka sauka a layin nan akwai zango, kuma duk inda akwai zango akwai Hausa, akwai masallaci, akwai mai shayi, akwai abincin da ba sai ka tambayi yankan waye ba. Wannan ba haka kawai ya faru ba, kakanninmu ne suka yi aikin, fatake masu zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, sayen goro da jakuna, suna kai kanwa da tufafi da fata, duk inda suka ya da zango gari ya tsiro. A Kwatano ba na jin Faransanci ko na sisin kwabo, na hau zemijan, wato ɗan acaɓansu mai riga ruwan ɗorawa, na ce masa Zongo kawai, minti ashirin sai ga ni ana min sannu da zuwa ana tambayata ya mutanen Kano. A Nima ta Akra na karya da koko da ƙosai a gaban wata dattijuwa da babbar tukunya lulluɓe da leda, tana zuba min tana cewa ɗana ƙara suga ko ya isa, Hausarta irin ta can mai ɗan taushi. Waakye ɗin da duk Gana ke alfahari da shi shinkafa da wake ne, sunan ma daga wake ya fito, tuo zaafi kuma tuwo ne mai zafi. Wallahi mutumin da bai taɓa fita ba, irin wannan ke hana shi ruɗewa.

Ga yadda zan shirya ta da yau zan fara. Kwana uku a Kwatano: ɗaya na kasuwar Dantokpa da hutawa, ɗaya na Ganbiye garin da aka gina bisa ruwa a tafkin Nokuwe inda har kasuwa cikin kwalekwale ake ci, ɗaya na Wida inda Ƙofar Ba Dawowa take a bakin teku, ta inda aka riƙa fitar da bayi. Lome kwana biyu sun isa. Akra uku, ka yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda wanda aka buɗe a 2021, ginin irin na Turkiyya. Daga nan Kef Kos da Elmina kwana biyu, tsohon gidan Turawa na Elmina ƴan Fotugal suka gina shi a 1482, za a shigar da kai ɗakunan ƙasa inda aka tsare bayi a rufe ƙofar na ɗan lokaci, ni dai na fito ban iya magana ba. Kumasi biyu saboda kasuwar Kejetiya da fadar Manhyia. Sai Tamale, daga nan ka ware wuni guda ka je Salaga, yau ƙaramin gari ne shiru amma nan ce kasuwar goron da fatakenmu ke yi wa tafiyar watanni, kuma nan ne aka sayar da mutane ma, rijiyoyin suna nan, ya kamata mu gani da idonmu. Ƙarshe Larabanga da tsohon masallacinta na ƙasa fari mai itatuwa a jiki, da dajin Mole da ke gefenta inda ake fita da ƙafa da sassafe tare da mai gadi mai bindiga ka ga giwa tana shan ruwa. Duka da komawa sati uku. In sati biyu gare ka yanke arewar, kar ka matse komai ciki, kuma ka bar kwana biyu da ba ka rubuta musu komai ba domin ciki zai ɓaci ko mota ta lalace, ɗaya dai sai ya faru.

Lokaci kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ruwan bakin teku ya fi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, dabbobin Mole ma da rani suke taruwa bakin ruwa. Sai dai ƙarshen Disamba ɗakin kwana a Akra tsada yake kamar me. Togo da Gana suna bayanmu da awa ɗaya, Benin daidai da mu, ka gyara agogo saboda sallah da mota. Soket ɗin Benin da Togo mai hanci biyu zagaye ne, Gana irin namu.

Mota iri biyu ce. Akwai manyan bas irin ABC da Chisco da ke ɗauka daga Legas kai tsaye har Akra, su ke tattara fasfo su bi da ku boda, hankali kwance, amma za ka wuce Benin da Togo ta taga. Ni nakan ce ka tafi guntu-guntu da ƙananan motoci, ka dawo da babbar bas lokacin da ka gaji. A cikin Gana kuma bas ɗin STC da VIP sun wadatar.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don nan aka cuce ni.

Katin rigakafin shawara, yelo kad ɗin nan. Kar ka saya a hannun kowa. Ni wani ne a tasha ya ce zai kawo min cikin awa ɗaya ba sai an min allura ba, na biya, ya kawo kati fes da tambari da sa hannu. A wata boda aka duba lambar da ke jiki aka ce babu ni a kwamfuta. Aka zaunar da ni a benci, motar da na biya ta jira ta gaji ta tafi, magariba ta yi ina wurin da jaka a cinya, sai da wani mai sayar da shayi Bazabarme mai jin Hausa ya shiga maganar ya kuma nuna min inda zan kwana. Tun 2019 katin Najeriya na intanet ne, ka biya ta shafin gwamnati, ka je ofishin lafiya na Port Health a yi maka allurar da gaske a ba ka kati mai lambar da ake dubawa da waya. Allurar sai ta kwana 10 kafin ta fara aiki a takarda, don haka kar ka bari sai ana gobe tafiya, kuma sau ɗaya ce a rayuwa. Ban da ma boda, shawara ciwo ne mai kisa, katin bogi ba zai hana sauro cizonka ba.

Na biyu ƴan canji. Sefa iri biyu ce, ta yammacin Afirka da ake ci a Benin da Togo da Nijar, da ta tsakiya ta su Kamaru da Chadi. Darajarsu ɗaya, 655.957 ne yuro ɗaya a dukansu, amma ta Kamaru ba ta saye a Kwatano. Mai canji a boda zai ƙirga maka takardun dubu goma yana sauri yana janka da hira ya cusa ta tsakiyar guda biyu uku a ciki, kalarsu ta yi kusa, ba za ka gane ba sai ka miƙa wa mai otal ya dawo maka da ita. Duba rubutun saman takardar, in ba ka ga kalmar Ouest ba mayar masa. Ka ƙirga da hannunka bayan ya gama nasa ƙirgen, kuma in ya ce kawo in sake dubawa kar ka ba shi, a wannan karɓar ta biyun ake zare wasu. A boda ka canza na mota da abinci kawai, sauran ka bari sai cikin zango a shagon mutumin da gobe ma za ka same shi a wurin. Wani abu kuma, in ɗan Nijar ya ce maka dala ɗari sefa 500 yake nufi, jika kuwa dubu ɗaya, a Gana ma tun 2007 aka cire sifili huɗu daga sidi amma har yau akwai tsofaffi masu faɗin farashi da tsohon lissafi, don haka ka ce a rubuta maka lambar a waya kafin ka zaro kuɗi.

Na uku masu taya tsallaka boda. Kana sauka daga mota za su yanyame ka, wani har da kati rataye a wuya, ya ce kawo fasfo in buga maka tambari, ko ya ce fasfonka sabo ne bai taɓa fita ba sai ka biya na musamman, ko kuma ya ce zo in bi da kai ta baya a babur ba sai an buga komai ba. Wannan na ƙarshen shi ne mafi haɗari, domin in babu tambarin shiga to a boda ta gaba kai mai laifi ne kuma duk abin da aka ce ka biya sai ka biya. Fasfonka kar ya bar hannunka sai ga mai kaki da ke zaune bayan kanta, a buga na fita a buga na shiga, ka buɗe shafin ka duba kwanan watan kafin ka matsa. Ka riƙe canji ƙanana a aljihun gaba, manyan kuɗi a ciki, ka raba su gida biyu. Kar ka karɓi saƙon kowa ka tsallaka da shi, ko da tsohuwa ce ta ce magani ne za a kai wa jikanta. Kuma ka shirya tafiyarka ta yadda kowace boda za ka iso ta kafin azahar, Seme, Hilakonji, Aflawo, duka da rana tsaka.

Su ma ejan ɗin da ke tallar fakej a WhatsApp, wai ƙasashe huɗu kwana biyar harda biza, tambaye shi bizar me, tunda babu biza a hanyar. In ya fara kame-kame ka san sauran. Ɗaki kuma kar ka tura kuɗi ga wanda ka gani a Facebook, ka kama na daren farko kawai a kowane gari, sauran sai ka gani da idonka ka buɗe famfo ka kunna fanka.

Jakar kanta kar ta wuce wadda za ka iya ɗorawa a cinya cikin mota, kaya kala huɗu, silifas, ƙaramar darduma, pawabank, maganin zazzaɓi da na gudawa, hoton fasfo da na yelo kad a waya da kuma a takarda. Ka bar wa wani a gida jerin garuruwan da ranakun, duk bodar da ka tsallaka ka tura masa saƙo.