Wane Bugu Za Ka Saya? Jagora Kan Tsofaffin Faifan Jazz-Rock da Aka Sake Fitarwa

Tsakanin 1968 da 1971 wasu matasan makaɗa a Ingila da Amurka suka gaji da waƙar minti uku. Suka ɗauko jitar lantarki da gangunan rock suka gauraya da busar jazz, suka riƙa barin kiɗa ɗaya ya cinye fuskar faifai sukutum, minti ashirin ba tsayawa. Yau kusan duk kundin da ya yi suna a wancan zamani an sake fitar da shi sau uku, sau biyar, wani ma ya wuce haka. Bango ɗaya, suna ɗaya, amma abin da ke ciki ya sha bamban, farashi ma haka. Wanda zai biya da dala ko fam, sannan ya ɗora kuɗin aike, ba ya da halin saye biyu don ya gane wanda ya dace. Gara ya sani tun kafin kuɗin su bar hannunsa.

Ayyuka biyu ne ake yi wa tsohon kundi, kuma masu talla kan cuɗe su. A sitidiyo, kowane kayan kiɗa layinsa daban a kan faffaɗan tef, layi 8 ko 16 a wancan lokaci. Daga nan a haɗa su, a ɗaga wannan a rage wancan, a sauke su zuwa layi biyu, hagu da dama. Wannan haɗin shi ne uwar tef. Aiki na farko shi ne a ɗauko uwar tef ɗin a share ta, a daidaita kaifi da kauri, ba tare da an taɓa yadda aka jera kayan kiɗan ba. Shi ne ake rubuta wa "remastered" a kwali. Na biyu shi ne a koma can tushe, kan layukan nan 8 ko 16, a sake haɗa su daga farko. A kwali za ka ga "remix" ko "new stereo mix". Na farko wanki da guga ne aka yi wa tsohuwar riga, na biyu kuwa an warware ɗinkin ne tela ya sake ɗinkawa. Duka biyun suna iya yin kyau, amma ɗaya ne kawai abin da mutanen 1969 suka ji. Ni a ganina wanda bai taɓa mallakar kundi ba, ya fara da haɗin asali, idan dai an same shi daga uwar tef ta gaskiya.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Hot Rats na Frank Zappa, wanda ya fito a Oktoban 1969, ɗaya daga cikin kundayen farko da aka ɗauka a na'ura mai layi 16. Da za a sa shi a CD a 1987, Zappa da kansa ya sake haɗa shi. Ya sauya wurin zaman kayan kiɗa, ya fito da wasu sautuka da a da suke ɓoye, ya kuma ƙara wa "The Gumbo Variations" kusan minti huɗu, daga kimanin 13 zuwa kimanin 17. Shekara da shekaru wannan ne kawai ake samu a CD, har mutane da yawa suka tashi suna zaton shi ne asalin. Sai a 2012 aka mayar da haɗin 1969 kan CD. To idan ka ga na hannu a kasuwar intanet, kafin ka tambayi komai duba tsawon wannan kiɗan a bayan kwali. Mai minti 13 ya fi ɗumi, gangunan sun zauna daram. Mai 17 ya fi ƙyalli, kuma ƙarin busar saksofon ɗin Ian Underwood ba abin yarwa ba ne. Na 2012 zan saya tukuna.

Labarin In the Court of the Crimson King na King Crimson ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma a nan ne mai saye ya fi buƙatar natsuwa. Kundin ya fito ranar 10 ga Oktoba 1969, an ɗauke shi a sitidiyon Wessex da ke Landan a kan layi 8. Tun daga ranar farko akwai tangarɗa: kawunan na'urar da aka sauke haɗin a kanta ba su daidaita ba, sai kaifin sautin ya dusashe, ya kuma ɗan gurɓace a wasu wurare. Bayan haka uwar tef ɗin ta ɓace, aka yi ta buga faifai da CD daga kwafi, wani ma kwafin kwafi, kowane da ƙarin shuuu ɗinsa. Har fitowar cika shekara 30 ta 1999, duk da kulawar da aka yi mata, daga kwafi aka yi ta. A 2003 ne aka gano uwar tef ɗin a ma'ajiyar kamfanin Virgin, aka fitar da ita a 2004 da suna Original Master Edition. Saboda haka duk wani CD na wannan kundi da ya riga 2004, kome arahar sa, ka bar shi ga masu tara kayan tarihi.

Sai 2009, cika shekara 40, Steven Wilson, mawaƙi kuma gwanin haɗa sauti, ya zauna tare da Robert Fripp, mai jitar ƙungiyar, suka sake haɗa kundin daga layukan tushe. Sa "21st Century Schizoid Man" ka saurara. Da farko wani huci ne kawai, can ƙasa-ƙasa, har za ka kai hannu ka ƙara murya, sai saksofon da jita su faɗo tare kamar an ɓalle ƙofa. A tsofaffin bugu wannan wurin curi ɗaya ne na ƙara. A haɗin Wilson kana iya bin sandar Michael Giles a kan kowace ganga, kana jin inda bes ɗin Greg Lake ya bi ta ƙasa. Aiki ne na mai ladabi, bai canza fuskar kiɗan ba. Amma akwai abin da ya kamata a gaya maka: a wannan haɗin an datse "Moonchild", daga minti 12 zuwa kimanin 9, an cire wani yanki na taɓe-taɓen da makaɗan suka yi ba shiri. Wasu sun ji daɗi, don suna ganin wurin ya yi tsawo. Ni ina son cikakkensa, domin shirun nan mai tsawo shi ne ke sa waƙar ƙarshe ta shigo da nauyinta. A 2019 Wilson ya sake wani haɗin don cika shekara 50, a ƙunshi mai CD uku da Blu-ray ɗaya, wanda a cikinsa har da haɗin asali. Wanda ke da ɗan hali, wannan ƙunshin ya raba masa gardama, ya ji biyun ya zaɓa da kunnensa. Wanda aljihunsa bai kai ba, CD guda na 2004 ya wadatar. Babban akwatin 2020 mai faifai 26, The Complete 1969 Recordings, na wanda ya riga ya haddace kundin ne yana neman jin kowane gwaji. Ba nan ake farawa ba.

Third na Soft Machine kuwa, a nan dole a rage buri. Ya fito a Yunin 1970, faifai biyu, kiɗa huɗu, kowane da fuskarsa guda. Kiɗa ne da ba a gajiya da shi, musamman "Moon in June" inda Robert Wyatt ke waƙa kamar mai hira da kansa, amma ɗaukar sautin tun asali a dushe take. "Facelift" ma ba a sitidiyo aka yi shi ba, an harhaɗa shi ne daga wasanni biyu na Janairun 1970, ɗaya a Fairfield Halls da ke Croydon, ɗaya a kulob ɗin Mothers na Birmingham. Yana buɗewa da ogan ɗin Mike Ratledge yana kururuwa da gurnani na tsawon mintuna, kuma da gangan ne. Kada ka zaci faifanka ne ya lalace ko sifikarka ta fashe. Fitowar 2007 ta yaye wani ɓangare na hazon, bes ɗin Hugh Hopper ya fito sosai, ta kuma zo da CD na biyu mai ɗauke da wasansu na Royal Albert Hall a Agustan 1970. Ita ce za a nema. Duk wanda ya ce maka yana da bugun Third mai sauti garau kamar na jiya, ciniki yake nema. Idan kana son jin ƙungiyar a wancan lokaci da sauti mai iska, nemi Noisette na kamfanin Cuneiform, wanda aka ciro daga wannan daren na Croydon.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Bitches Brew na Miles Davis, wanda aka ɗauka a New York cikin kwana uku na Agustan 1969, rabin sirrinsa yanka da manna tef ne da Teo Macero, furodusan kundin, ya yi. CD ɗin 1999 sabon haɗi ne. Alamarsa ita ce ƙarin kiɗa mai suna "Feio" a ƙarshe. Yana da tsabta, amma ba hannun Macero ba ne kai tsaye. In the Land of Grey and Pink na Caravan, 'yan Canterbury kamar Soft Machine, fitowarsa ta 2001 mai CD guda tana da araha kuma ba ta da aibi. Ta 2011 mai haɗin Wilson ƙari ce ga mai so. Valentyne Suite na Colosseum, kundin farko da kamfanin faifai na Vertigo ya fitar a 1969, ka nemi mai CD biyu wanda ya haɗa da The Grass Is Greener, sigar da aka fitar a Amurka mai jerin waƙoƙi daban. Na Nucleus, ƙungiyar Ian Carr, kamfanin Esoteric ya tattara duk aikinsu na Vertigo daga 1970 zuwa 1975 a ƙaramin akwati mai CD shida, Torrid Zone. Wannan shi ne akwati ɗaya da zan ce wa sabon shiga ya saya kai tsaye, don kundaye ne cikakku a ciki, ba ragowar sitidiyo ba.

Saura batun a kan me za a saya. Faifan garmaho ya dawo kasuwa da ƙarfinsa, kuma ina fahimtar dalili: zanen fuskar nan mai ihu da Barry Godber ya yi wa King Crimson, a babban kwali ne take da kwarjini. Amma kada rubutun "gram 180" ya ruɗe ka. Nauyin roba ba ya ƙara wa sauti komai. Abin da ke ƙarawa shi ne daga wane tef aka yanka da kuma wa ya yanka. A Yulin 2022 kamfanin Mobile Fidelity, wanda masu tsadar kunne ke rantsuwa da shi, ya amsa cewa da yawa daga faifansa sai da suka bi ta kwafin kwamfuta kafin a yanka su. Shekaru ana yaba waɗannan faifan a matsayin tsantsar tef, ba wanda ya gane da kunne. Faifan ba su daina daɗi ba don an faɗi gaskiya, amma lamarin ya nuna yawan kuɗin da ake biya don rubutun kwali kawai.

Mu kuma da ke zaune inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, akwai lissafin da mai saye a Landan ba ya yi. Faifan garmaho roba ne. Yini guda a bayan mota ko jikin taga ya isa ya lanƙwasa shi, kuma wanda ya lanƙwashe da wuya ya koma daidai. A hunturu busasshiyar iska kan sa ya riƙa jan ƙura, ta shige cikin siraran layukan da allura ke bi, allura ta riƙa ƙas-ƙas daidai wurin da kiɗan ya yi sanyi. Sai an jera shi a tsaye, cikin rigarsa, a ɗakin da rana ba ta duka, an kuma goge kafin kowane sawa. Wanda zai iya wannan hidima, madalla. Wanda ba zai iya ba, CD ya fi masa kwanciyar hankali: ya fi araha, ya fi sauƙin aikowa, kuma galibin waɗannan gyare-gyare da shi aka yi su a zuciya. Ƙunshin da ke alfahari da sauti mai sifika shida kuma, idan sifika biyu gare ka ko na kunne, kuɗin wannan ɓangaren a banza za su tafi.

Wani abin lura shi ne sabon gyara da aka matse shi don ya yi ƙara. Za ka ji shi da farko kamar ya fi, amma bayan minti goma kunne ya gaji, don an kashe tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa, alhali wannan kiɗa a kan tazarar nan ya ginu. Gwajin mai sauƙi ne. Yawancin kundayen nan suna Spotify da YouTube, sau da yawa da shekarar gyaran a jikin suna. Sa tsoho da sabo, daidaita ƙarfin muryarsu da hannunka har su zo ɗaya, sannan ka saurari wuri mai sanyi da wurin da ganguna suka barke. Wanda ya ba ka faɗuwar gaba a wurin barkewar, shi ne mai rai.

Kafin ka tura kuɗi, ka ce mai sayarwa ya aiko maka hoton bayan kwalin da na fuskar faifan kansa, ba hoton talla ba. Ɗauki lambar da ke gefen kwali ka sa a shafin Discogs, zai nuna maka shekarar bugun, ƙasar da aka buga, da sunan wanda ya yi gyaran. Idan faifan garmaho ne, akwai wasu haruffa da lambobi da aka karce a santsin da ke kusa da takardar tsakiya. Sai an karkata shi a haske ake ganinsu, kuma su ne shaidar da ba ta ƙarya. Kwalin da babu sunan mai haƙƙin mallaka, babu sunan injiniya, rubutunsa kuma ya yi dishi-dishi kamar an ɗauki hoton wani kwalin, jabu ne, kuma yawanci daga tsohon CD aka kwafo shi aka zuba a roba mai launi.