Sharhi kan kamfanin da ya shirya mana tafiya zuwa taron bita

Masu shirya taron bitar da na halarta sun damƙa harkar tafiyar mahalarta a hannun wani kamfanin shirya tafiye-tafiye. Aikinsu shi ne tikitin jirgi, masauki, ɗauko baƙi daga filin jirgi, sai kuma takardar bayani kan yanayin garin da za a yi taron. Tikiti da masauki sun tafi daidai, ba ni da abin cewa. Takardar yanayin ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ta yi mini rana sosai.

Yawancin irin waɗannan takardu lamba ɗaya suke ba mutum, wai matsakaicin zafin watan, alhali ba da matsakaici ake zaɓar tufafi ba. Su kuwa sun raba: ga zafin tsakar rana, ga sanyin asuba. Garin a kan tudu yake, sai suka yi bayani cewa duk hawan mita 1,000 zafin iska yakan ragu da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas, kuma inda iska ta bushe sama ta washe, ƙasa takan saki zafinta da sauri bayan faɗuwar rana. Wannan bayanin ne ya sa na saka rigar sanyi a jaka, kuma kullum da safe sai na gode musu a zuciyata.

Abin da ya fi burge ni shi ne gaskiyarsu game da iyakar alƙaluman. Sun faɗa ƙarara cewa lambobin matsakaici ne na shekara 30, daga 1991 zuwa 2020, wanda shi ne ma'aunin da Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ke aiki da shi, don haka suna nuna abin da aka saba gani ne, ba alkawari ba ne kan makon taro. Hasashen yau da gobe daban yake, kuma idan ya zarce mako guda ingancinsa yana raguwa ƙwarai. Saboda haka sai da tafiya ta matso suka sake turo sabon hasashe ta WhatsApp. Har sun tunatar da waɗanda za su tsallaka ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, cewa a kudancin duniya Yuli lokacin hunturu ne, Janairu kuma tsakiyar zafi. Ga masu amfani da Faranhait sun rubuta ma'aunai biyun, inda digiri 68 na Faranhait ke daidai da 20 na Salshiyas.

Sauran tunatarwar gajeru ne amma masu amfani: ƙasashe da yawa suna son fasfo ya kasance da sauran wata 6 aƙalla, kuma fawa bank a jakar hannu ake riƙe shi, ba a cikin kayan da za a auna ba.

Inda suka gaza ya dame ni, domin abu ne mai sauƙin gyara. Mahalarcin bita a cikin zaure yake yini, amma takardar ba ta ce uffan ba kan na'urar sanyaya ɗaki, wadda ta sa mutane da dama takurewa da rana tsaka. Sannan sun tsara saukarmu cikin daren da za a wayi gari a buɗe taro. Wanda ya fito daga inda agogo ya bambanta da sa'o'i masu yawa, jikinsa na buƙatar lokaci kafin barcinsa ya daidaita, ga shi zaman farko shi ne wanda ake shimfiɗa tushen aikin gaba ɗaya. Na ga masu gyangyaɗi a wurin, kuma ba laifinsu ba ne.

Zan sake aiki da su, amma tun kafin a yanki tikiti zan nemi a saukar da ni da tazarar yini guda cur kafin ranar buɗewa, ko da ni zan biya kuɗin ƙarin daren.