Wata bakwai da sanya wa 350Z ɗina bushin foli a aksul ɗin baya

Motar Nissan 350Z ce ƙirar 2004, mai giyar hannu guda shida. Na saye ta a hannun wani bawan Allah da ya gaji da shayar da ita bayan an cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Injinta V6 ne mai lita 3.5, kuma a takarda ƙarfin doki 287 take da shi lokacin tana amarya. Yau shekara ashirin da ɗoriya, Allah kaɗai ya san dawakai nawa suka rage a bargar. Tayoyin baya ne ke tura ta. Ofis dai da Corolla nake zuwa, ita kuwa sai Asabar da Lahadi, in fita daga Gwarinpa da sassafe in bi titin Kubwa ko na filin jirgi kafin gari ya cika.

Tun makon farko na lura da wata ƙara daga baya. In na saki kuloci a giya ta ɗaya sai in ji "ƙum", kamar an yar da taɓarya a cikin but. In na ɗaga ƙafa daga totur na sake takawa, sai ta maimaita. A cunkoson shataletalen Berger, inda mutum ke tafiya taku ɗaya ya tsaya, har kunya take ba ni, don masu Keke ma waiwayowa suke yi. Da damina kuma, in na tashi da ɗan ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, bayan motar sai ya riƙa tsalle-tsalle kamar jaki ya ga kura.

Bakanike na farko ya ce shakazoba ce. Na biyu ya rantse farfela ce. Allah ya taimake ni ban saya ba. Na uku, wani dattijo ɗan Jos da ke da rumfa a kasuwar makanikai ta Apo, bai ce komai ba sai da ya hau da motar kan rami, ya haska fitila, ya kira ni.

"Alhaji, sauko ka gani da idonka."

A jikin babban ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun baya, wanda suke kira kuros-memba, akwai wani baƙin zane da ya gangaro ya bushe, kamar kwalli ya zubo wa mace bayan kuka. Daga bushin ɗin bayan aksul, wato robar da ke riƙe shi, yake fitowa. Ya sa ƙarfe ya ɗan banƙara tukunyar aksul ɗin, sai ga ta tana rawa a wurin da bai kamata ta motsa ba.

Ga waɗanda ba su taɓa leƙa ƙarƙashin irin wannan mota ba: ƙarfin inji yana bin farfela ya isa tukunyar giyoyin baya, wadda makanikanmu ke kira aksul, Turawa kuma difarenshal, ita ce ke raba shi ga tayoyi biyu. Duk sanda tayoyi suka tura mota gaba, ita tukunyar tana neman ta murɗe ta ɗaya ɓangaren, hancinta ya ɗaga sama. Abin da ke riƙe ta a 350Z wuri uku ne, bushin biyu a kunnuwanta na gaba, ɗaya babba a baya wanda aka matse cikin kuros-memba. Wannan na bayan roba ce mai ruwa a ciki, an yi shi haka don ya shanye girgiza da kukan giyoyi kada su iso kunnen direba. Roba kuwa tana tsufa. Ta sha zafin salansa da ranar Abuja, ta tsage, ruwan ya tsiyaye, sai tukunyar ta samu filin lilo. "Ƙum" ɗin da nake ji, ita ce ke kai wa ƙarshen lilonta.

Na yi yawon neman sabo. A Apo da Zuba ban samu bushin ɗin shi kaɗai ba, sai dai a ce in ɗauki kuros-memba ɗungurungum ɗan Beljiyam. Na duba guda biyu, dukansu da irin wannan baƙin hawayen a jiki. Wani yaro ya ce a yanka mini daga tsohuwar tayar babbar mota, kamar yadda ake yi wa motocin haya. Ban raina wannan sana'a ba, ta rufa wa direbobi da yawa asiri, amma ban ga yadda guntun taya zai zauna daidai tsakiya ya riƙe ƙarfin wannan inji ba.

Sai na koma intanet. Zaɓi biyu ne a can. Akwai na zallar alminiyam, wanda masu tsere a fili ke sawa, ba ya ba da kai ko kaɗan. Akwai kuma na foliyuretan, wata roba mai tauri da ake kira foli a taƙaice. Kamfanoni irin su Whiteline na Ostireliya, Powerflex na Ingila da Energy Suspension na Amurka duk sun yi suna a kayan foli. Ana auna taurinsa da lamba mai harafin A a ƙarshe, yawanci daga 70A zuwa 95A, kuma gwargwadon hawan lambar gwargwadon tauri. Ni na wani ƙaramin kamfani na saya, mai matsakaicin tauri, saiti guda na wurare ukun. Kuɗin kayan bai kai dala 150 ba, sai dai da dala ta haura naira 1,500, ga kuɗin dako ta Legas wanda ya kusa kamo kuɗin kayan kansa, sai da na yi tsaki kafin na tura. Mako uku ya iso. Ƙaramin kwali ne, ciki da robobi, da bututan ƙarfe da kusa ke bi ta ciki, da ɗan ƙullin giris wanda bai fi a shafa wa jariri a goshi ba. Takardar bayani babu. Wannan ya ba ni haushi, don akwai na sama da na ƙasa a robobin gaba, kuma sai da muka yi ta gwadawa da hotuna a waya kafin muka gane.

Ranar aikin na isa Apo ƙarfe takwas. Sauke tukunyar bai ba su wuya ba: aka kwance bayan salansa, aka cire wayoyin na'urar birki, aka saki shaf biyu na tayoyi da farfela. Kafin a saki farfelar na roƙi dattijon ya sa mata alamar fenti don ta koma yadda take, ya dube ni ya ce ai tun ban iya tuƙi ba yake yin haka. Na yi shiru. Tukunyar ba ta kai buhun siminti nauyi ba amma ba ta yi nisa da shi ba, sai da yara biyu suka tallafe ta a kan jak.

Rigimar a kan tsohon bushin na baya ta tashi. Yana da zoben ƙarfe a waje wanda ya shekara ashirin a manne cikin raminsa.

"Alhaji, a kira mai walda ya sa masa wuta. Minti biyar an gama."

"Haba Baba, tankin mai fa ga shi nan kusa. Kuma ƙarfen nan alminiyam ne, in ya sha wuta ya yi laushi ina zan samo wani?"

"Mun yi wa motoci ɗari haka."

"Na yarda, Baba. Tawa dai a yi mata haƙuri."

Ya jima yana kallona, sannan ya ce, "To motarka ce. Amma kuɗin aiki ya tashi."

Na ce na ji. Aka huda robar da na'urar huji zagaye, tsakiyar ta faɗo da sauran ruwa mai wari. Sannan aka zura ruwan zarto ta cikin ramin, wani yaro ya kwanta rigingine yana yankan zoben a hankali, dattijon na tsaye a kansa yana faɗin "a hankali, kar ka ci jikin ramin". Awa biyu cur yaron nan yana abu ɗaya, gumi na shiga masa ido. Da zoben ya tsage, aka sa kurfi aka naɗe shi ciki, ya fito kamar ba shi ne ya hana mu cin abincin rana ba. Yaron na ba shi nasa daban, ba ta hannun maigidansa ba. Bushin biyu na gaban kuwa an kai tukunyar wata rumfa mai injin matsi, aka turo su cikin minti kaɗan.

Sa sababbin bai ɗauki rabin awa ba. Aka goge ramin da sanfefa mai laushi, aka shafa giris, robar ta shiga. Giris ɗin da suka aiko bai isa ba, kuma foli ba kowane giris yake so ba, mai silikon ake nema, don haka na tanadi nawa tun kafin ranar. Tunda tukunyar tana ƙasa na ce a canza mata mai. Wanda ya fito baƙi ƙirin, maganaɗisun murfin ya tara garin ƙarfe kamar gashin baki. Muka zuba 75W-90 mai lambar GL-5, ta sha kusan lita ɗaya da rabi. Sifanar auna ɗauri babu ita a rumfar, ƙarfin damtse ake aunawa da shi, sai da aka aro a maƙwabta. Magariba ta same mu a can.

Tun kafin in fita daga layin garejin na san an yi aiki. Na saki kuloci ina jiran "ƙum", shiru. Na hau titi na sa ta biyu, shiru. Abin da ban zata ba shi ne yadda totur ya canza hali. A da in na taka akwai ɗan jinkiri, kamar ka ja akuya da igiya mai sako-sako, sai igiyar ta miƙe sannan akuyar ta taho. Yanzu igiyar a miƙe take. Canjin giya ma ya fi tsabta, musamman daga ta ɗaya zuwa ta biyu inda a da sai na yi ta lallashi. Ko doki ɗaya bai ƙaru a injin ba, kada wani mai talla ya ruɗe ka, amma motar ta koma amsa kira da wuri.

Tsalle-tsallen baya ya ragu, bai tafi duka ba. Bushin ɗin da ke riƙe shi kansa kuros-memba da jikin mota har yanzu tsofaffi ne, nan nake zargi.

Sai kuma abin da na biya wanda ba a rubuta a rasit ba, wato ƙara. Washegari a titin filin jirgi, da na kai wajen kilomita 90 a awa, sai na ji wani siririn kuka daga bayana, "wiiii", kamar sauro ya samu lasifika. Yana nan har wajen 110, ya fi fitowa in na ɗaga ƙafa daga totur. Na tsorata, na koma Apo. Dattijon ya zaga da ni, ya ce kukan giyoyin aksul ne, da ma can suna yi, tsohuwar robar ce ke rufa musu asiri. Gaskiyarsa ce. Ita 350Z ba ta da kujerar baya, aksul ɗin kusan a ƙarƙashin ƙugunka yake, but ɗin kuma a buɗe yake zuwa cikin mota, sai ya zama kamar kwaryar kiɗa. Bayan mako biyu ƙarar ta ɗan lafa, ko kuma kunnena ne ya saba. In rediyo na kunne ba na jin ta. In an rufe gilashi an yi shiru, tana nan daram.

Uwargida ta shiga sau ɗaya bayan gyaran. Ba mu kai Lugbe ba ta ce, "Abban yara, wannan ce motar da aka kashe wa kuɗi? Da tana tari, yanzu kuma kuka take." Daga ranar in za mu fita tare makullin Corolla take miƙo mini.

Babban gwajin shi ne tafiyar Jos da na yi cikin hunturu, ta Keffi da Akwanga. A Hawan Kibo na fi jin daɗin kuɗina. Hawa ne mai lanƙwasa, kana taka totur kana saki kana sake takawa a bayan manyan motoci, kuma a da kowace takawa da "ƙum" ɗinta da ɗan girgiɗin baya. Wannan karon motar ta bi kwanonin a natse. A dawowa, da nake gangarowa a giya ta uku ina barin inji ya riƙe ta, kukan ya yi ƙarfin da bai taɓa yi ba, har na isa Akwanga da ɗan ciwon kai. Awa huɗu da wani abu da sauro a kunne ba wasa ba ne.

Abu biyu da aka tsorata ni da su ba su faru ba. An ce mota za ta yi tauri a kan ramuka. Ban ji bambanci ba, kuma da hujja, don waɗannan bushin ba su ke ɗaukar dukan hanya ba, aikin shakazoba da hannuwan ƙafa ne. An kuma ce foli yana ƙiƙi-ƙiƙi in ƙurar hunturu ta cinye giris. Wannan ya fi shafar wanda ke jujjuyawa a hannun ƙafa. Na aksul zaune yake wuri ɗaya, kuma har sanyin Jos na asuba bai sa ya yi ko uffan ba. Bayan kamar kilomita 500 na koma aka duba ɗauri, notin baya ya ɗan karɓi juyi kaɗan, tun daga nan bai sake motsi ba. Watan jiya na leƙa, robar ba tsagewa ba kumbura.

Da za a mayar da ni baya zan sake saya, don motar ƙarshen mako ce kuma don jin hanya na saye ta. Na alminiyam kam ko kyauta aka ba ni ba zan sa ba, in matsakaicin foli ya yi wannan kuka. Infiniti G35 tsarin bayanta ɗaya da 350Z, kuma ta fi yawa a Abuja nesa ba kusa ba. Mai irinta mai ƙofa huɗu da ke kai yara makaranta, in ya tambaye ni, zan ce ya nemi mafi laushin foli da zai samu, ya sa na bayan kaɗai in na gaban suna da sauran rai.

Makon jiya dattijon ya kira ni. Wai wani mai G35 ya zo da irin ciwon, yana so a sa masa irin nawa.

"Alhaji, in kana kusa ka kawo motar ya shiga ya ji kukan da kunnensa tukuna. Ba na son ya dawo mini da rigima."

Na ce sai Asabar. Na tambaye shi ko wuta za a sa wa na mutumin, ya ce yaron nan ya riga ya sayo sabon ruwan zarto.