Madubin hangen taurari da na saya wa ɗana, da gilashin da ya kusa cinye masa ido

Wata huɗu ke nan da na sayo madubin hangen taurari a wani shago a Yamai, na riƙo shi a cinya cikin mota har Tahoua, domin babban ɗana ya shiga lise kuma darasin fizik ya kama zuciyarsa. Faɗin gilashinsa na gaba milimita 70 ne, kuma kuɗin da na biya duk wanda ya taɓa taya irinsa ya san ba kaɗan ba ne.

A makon farko babu abin da na yi sai godiya. Bayan magariba muka kafa shi a tsakar gida muka saita shi kan Zara, sai ga ta da siffar jinjirin wata, abin da ban taɓa zato ba duk da tun ina yaro nake jin ana kiran ta matar wata. Mahaifiyata ta leƙa, ta ja da baya tana salati, sannan ta sake leƙawa. Da muka juya kan tauraron Mushtari, wato Jupiter, muka ga ɗigo huɗu masu haske a jere kusa da shi, washegari kuma sun sauya wuri. Yaron ya yi kwana bakwai yana zana su a littafinsa, ya ce mini su ne watannin da masanin taurari Galileo ya gani a 1610. Da na yi ƙorafin cewa tauraro yana sulalewa daga cikin madubin kafin ƙanwarsa ta zo ta gani, sai ya ce: "Baba, ba madubin ba ne, ƙasa ce take juyawa da mu, digiri 15 a kowace awa." A wannan daren na ji kuɗina sun halatta.

To amma a cikin kwalin akwai wani ɗan baƙin gilashi, bai fi girman dala ba, wanda ake murɗawa a wurin sa ido, kuma mai shagon da bakinsa ya ce mini na kallon rana ne. Wata Asabar da hantsi yaron ya ɗaura shi, ya saita madubin kan rana ta hanyar duban inuwarsa a ƙasa, ya tafi ɗaki kiran ƙanwarsa domin su gani tare. Ina zaune a kan tabarma na ji wani ƙas, kamar an taka ƙwai. Da na duba, gilashin ya tsage gida biyu, ga wani farin haske mai zafi yana fitowa ta tsagar, har bakin robar ya soma narkewa. Da a ce bai tafi kiran yarinyar ba, idonsa ne zai kasance a wurin. Har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Malaminsu na fizik ya zo gidan da yamma, ya yi mana bayani dalla-dalla. Ƙofar da haske ke shiga idon mutum ko a cikin duhu ba ta wuce milimita 7, saboda haka gilashi mai milimita 70 yana tattara haske ninki 100 a kanta, sannan ya dunƙule shi duka, da zafinsa, a daidai inda aka ɗaura baƙin gilashin. Baƙin abu kuwa shanye zafi yake yi, tsakiyarsa ta buɗe da sauri fiye da gefensa, sai ya fashe. Ya ce tattara zafin rana haka shi ne aikin da marigayi Farfesa Abdou Moumouni ya ba rayuwarsa domin a dafa abinci da ɗumama ruwa, to ina ga a tara shi a kan idon yaro. Malamin ne ya nuna mana yadda ake riƙe farar takarda a bayan madubin hoton rana ya faɗo a kanta, har muka ƙirga baƙaƙen tabo uku a fuskarta ba tare da kowa ya leƙa ba.

Daga nan ne sauran laifuffukan da na yi ta haɗiyewa suka dawo mini. Ƙafafun madubin rawa suke yi ko da iskar hunturu kaɗan ce ta taso, sai mun rataya musu jarkar ruwa kafin su tsaya. A jikin kwalin an rubuta yana ƙara girma sau 525, alhali irin wannan gilashi ba ya ba da hoto mai kyau in an wuce sau 140, kuma da muka gwada babu abin da muka gani sai dishi-dishi. Na kira mai shagon na ce: "Alhaji, kayanka ya kusa makantar mini da yaro." Amsar da ya ba ni ita ce haka suke zuwa daga kamfani, kuma abin da aka buɗe ba ya komawa.

Madubin yana nan muna amfani da shi da dare kawai, kuma da rana yana kulle a ɗakina. Tsagaggen gilashin na naɗe shi a takarda, ranar da na sake shiga Yamai zan ajiye masa shi a kan teburinsa, in roƙe shi ya cire irinsa daga sauran kwalayen da na gani jere a bayansa.