Ƙamus ɗin Oxford na masu koyon Turanci, ga yadda na same shi

Duk mai son ya tara kalmomin Turanci da gaske, ba wai haddar jarrabawa kawai ba, ni dai ƙamus ɗin Oxford Advanced Learner's nake nuna masa, na daɗe ina amfani da shi, littafin da kuma shafinsu na intanet, kuma dalilina guda ɗaya ne, ba ya barinka da jerin kalmomi masu kama da juna ya tafi abinsa, sai ya nuna maka inda suka rabu.

Kafin shi wata manhaja nake amfani da ita a waya, ka rubuta kalma ta zubo maka guda goma sha wai duk ma'anarsu ɗaya. To ai ba ɗaya ba ne. Ɗauki thin da slim da skinny, dukkansu siriri suke nufi amma in ka duba a Oxford za ka ga an sa wa slim alamar approving wato yabo ne, skinny kuma an rubuta informal wato ta hira ce, sannan yawanci kushe ne, kaga kenan in ka ce wa mutum skinny kana zaton ka yaba shi, ka ɓata masa rai ne baka sani ba. Haka childlike da childish, ɗaya halin yaro mai kyau ne irin tsarkin zuciya, ɗayan kuma yarinta ce da ake zagin babba da ita. Wallahi waɗannan 'yan ƙananan alamomin da mutane ke tsallakewa su ne rabin amfanin littafin. A ƙarƙashin wasu kalmomin ma akwai akwati na musamman mai suna Synonyms inda ake jero 'yan uwan kalma a yi bayanin kowacce da jimlarta, wannan ta rubutun ofis ce, wannan ta hira ce, wannan da mutum ake faɗinta ba da abu ba.

Ɓangaren kishiyoyin kalmomi ma ya burge ni sosai, domin ba a manna kishiya a kan kalma gaba ɗaya, a kan ma'ana ake sa ta. Light in haske kake nufi kishiyarta dark ce, in rashin nauyi ne heavy. Hard tana da soft tana da easy. Old kuwa in mutum ne young, in kaya ne new. Wanda ya haddace cewa kishiyar old ita ce new shikenan, wata rana sai ya kira yaro new, kuma ba laifinsa ba ne, haka aka koya masa.

Da na bi tarihinsa sai na gane dalilin da ya sa aka tsara shi haka. Wanda ya fara haɗa shi, A. S. Hornby, malamin Turanci ne a Japan, a can aka fara buga aikin a 1942 kafin Oxford su fitar da shi a 1948, bugu na 10 kuma ya fito a 2020. Mutum ne da ya zauna a aji da ɗaliban da ba harshensu ba ne ya ga inda suke tuntuɓe, shi ya sa ake rubuta bayanin ma'ana da kalmomi masu sauƙi, kuma misalan jimla sun yi yawa sosai, a cikinsu ne za ka tsinci cewa heavy rain ake cewa ba strong rain ba, make a mistake ba do a mistake ba.

Akwai kuma jerin Oxford 3000, kalmomin da suka fi muhimmanci daga matakin A1 na ɗan koyo zuwa B2 na wanda ya fara ƙwarewa, sai Oxford 5000 da ya ƙara wasu 2000 har zuwa C1, matakin ƙwararru. Wannan ya rage min ɓata lokaci, in na ci karo da sabuwar kalma na ga tana cikin jerin sai in rubuta ta a littafina da jimla ɗaya tawa ta kaina da 'yar uwarta da kishiyarta, in bata ciki in fahimci ma'anar in wuce. A shafin intanet ɗin kuma kana danna 'yar lasifika ka ji furucin Ingila da na Amurka.

Amma fa a sani Turanci zalla ne, wanda bai kai ga karanta jimla ya gane ba zai sha wuya, gara ya fara da ƙamus mai harshe biyu tukuna. Sannan ba kowace kalma ce ke da akwatin nan na Synonyms ba, in kai marubuci ne mai neman kalmomi da yawa lokaci guda ka haɗa da ƙamus ɗin da aka yi don wannan aikin, irin wanda wani Baturen Ingila mai suna Roget ya fara fitarwa a 1852, ka samo kalmar a can sannan ka dawo nan ka duba alamarta da misalanta kafin ka sa ta a rubutunka.