Jami'a mai cibiyar horo ko mai ba da rabin kuɗin makaranta: ina yaro ɗan kokawa zai nufa?

Malam, tsakanin babbar jami'ar Amurka da ke da cibiyar horo amma kuɗin littattafai kaɗai ta yi wa yaronka alkawari, da ƙaramar da za ta ɗauke masa rabin kuɗin makaranta amma ba ta da cibiya, ya tafi mai cibiyar. Tunda ka ce idonsa na kan Olamfik, zancen bai da tsawo, sai dai akwai sharuɗɗa biyu da zan kawo.

Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta ɗaure hannun kowace makaranta a rukunin farko: koci huɗu, atisaye awa 20 a mako lokacin kakar wasa, awa 8 idan an rufe kakar. Cibiyar horo ta yanki, wadda suke kira RTC, ita ce ƙofar da manya suka bi ta gefen wannan doka. A takarda ba ta jami'a ba ce, ƙungiya ce mai zaman kanta a ƙarƙashin hukumar kokawa ta Amurka, USA Wrestling, attajirai da tsofaffin ɗalibai ke zuba mata kuɗi. Da kuɗin take biyan zaratan da suka gama karatu albashi su zauna a garin suna shirin gasar duniya, galibi a ɗakin atisayen jami'ar. Sai yaro ɗan shekara 18 ya wayi gari wanda ya ci lambar Olamfik ne ke kayar da shi yana gyara masa kafa ƙafa. Kuma salon ƙasa da ƙasa ake yi a cibiya, wanda ya bambanta da salon jami'a mai minti bakwai da makin danne abokin karawa. Salon jami'a ba a yin sa a Olamfik.

Dubi jami'ar Penn State. Cael Sanderson ya karɓi ƙungiyar kokawarta a matsayin koci a 2009, daga 2011 zuwa 2025 ta ɗauki kambun ƙasa sau 12. Cibiyarsu, Nittany Lion Wrestling Club, ta tara zaratan Olamfik irin su David Taylor da Kyle Snyder da Kyle Dake a ɗaki ɗaya da ɗalibai. Aaron Brooks ya taso a wannan ɗaki yana shan kaye a hannun Taylor, mai zinaren Tokiyo a kilo 86. A Maris 2024 Brooks ya ci kambun NCAA na huɗu, a Afrilu ya doke Taylor ɗin a gasar tantance 'yan Olamfik da aka yi a garin da Penn State take, a Agusta ya dawo daga Faris da tagulla. Babu kocin da zai koyar da wannan da baki, sai jiki ya haɗu da jiki shekara da shekaru.

Sauran manyan sun gane. Iowa ta buɗe sabon ginin atisaye a 2024 na kusan dala miliyan 31, duk daga gudummawa. Oklahoma State ta ɗauko Taylor ya zama babban koci a Mayu 2024 da goyon bayan attajirin nan Chad Richison, a kakarsa ta farko suka zo na uku.

Ƙaramar makarantar kuwa, to, zai shiga fili da wuri, kuma digiri digiri ne. Iyakar abin da zan ce ke nan. Matsalarta, inda kokawa ba ta da masu kuɗi a bayanta, kokawar ake fara yankewa idan aljihu ya yi zafi: Boise State ta rufe ƙungiyar kokawarta a 2017, Eastern Michigan a 2018, Old Dominion a 2020. Ko Stanford da duk arzikinta ta sanar da rufewa a 2020, sai da tsofaffin ɗalibai suka tara miliyoyi, ɗan kokawarta Shane Griffith kuma ya ci kambu a 2021 sanye da baƙar riga marar tambarin makarantar, sannan aka janye.

Kada ƙaramin tayin ya ɓata maka rai. Shekaru da dama daidai da cikakken tallafin karatu na mutum 9.9 kacal aka yarje wa ƙungiya, ana yayyanka shi tsakanin yara wajen talatin, don haka cikakken tallafi abu ne mai wuya ko ga gwanaye. Sulhun kotu na 2025 tsakanin NCAA da 'yan wasa ya cire wannan iyaka ga makarantun da suka shiga tsarin, ya ƙayyade 'yan wasa 30, ya kuma bari kowace jami'a ta raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ƙwallon Amurka da ƙwallon kwando ne ke kwashe kaso mafi tsoka, kokawa sai abin da masu gudummawarta suka kawo.

Sharaɗi na farko, ku duba wa ke gabansa a ajin nauyinsa. Aji goma ne, daga laba 125 zuwa 285, mutum ɗaya ke wakiltar makaranta a kowane aji. Idan mai riƙe da gurbin yana shekarar ƙarshe ko ta kusa da ƙarshe, madalla: yaro ya huta gasa shekarar farko, ya gina jiki, doka ta ba shi shekara biyar ya yi kaka huɗu. Idan kuwa zakara ne ɗan shekarar farko, zai tsufa a benci, gara ya nemi wata mai cibiya ko da ba ta kai wannan suna ba. Na biyu, kada ka ci bashi mai nauyi a kan wannan. Ka nemi ofishin kuɗin makarantar ya rubuto abin da zai rage a kanka bayan tallafin masu ƙaramin ƙarfi da na ƙwazon karatu, a kuma fayyace ko tallafin wasan na shekara ɗaya ne ko na duk zamansa. In da bizar ɗalibi yake zaune, kada ku sa kuɗin talla a lissafi, domin sharuɗɗan bizar sun taƙaita irin wannan samu.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da dillalan da ke karɓar kuɗi wai za su samo gurbi. Gurbi ba na sayarwa ba ne. Rajistar cancanta yaro ne ke yin ta da kansa a shafin NCAA, koci kuma da adireshin imel na makarantarsa yake rubutowa. Duk wanda ya ce zai samo tallafin kokawa a Cornell ko a makarantar rukuni na uku maƙaryaci ne, waɗannan ba sa ba da tallafin wasanni sam. Haka wasu cibiyoyin suna ne kawai a jikin riga. Ka ce a ba ka sunayen manyan da ke zaune a garin suna atisaye, da kilon kowannensu. Idan babu ko ɗaya kusa da nauyin yaronka, cibiyar ba za ta amfane shi ba, a nan ne kaɗai zan ce ya karɓi rabin kuɗin.