Sharhi: zaren haske mai asetilin da aka yanke bakinsa a karkace

Aikinmu a ɗakin gwaji shi ne ɗaure leza, wato na'urar fitar da tsinin haske mai launi ɗaya, a kan layin da iskar asetilin ke shanye haske, wato haske mai tsawon zango wajen nanomita 1532.8, don yawan kaɗawar haskenta ya tsaya cak. Asetilin ɗin nan ita ce dai ta masu walda. A da, kwalbar gilashi ake cikawa a jera madubai a tebur. Tun da Fetah Benabid da abokan aikinsa a Jami'ar Bath ta Ingila suka nuna a 2005 cewa ana iya kulle iskar cikin zaren haske (siririn gilashin da haske ke bi ta cikinsa) mai rami a tsakiya, abin ya koma naɗi ɗaya da tafin hannu zai ɗauka.

Inda gizo ke saƙar shi ne mahaɗar zare mai rami da zaren gilashi marar rami da ake jona masa. Duk inda haske ya fito daga iska ya shiga gilashi, kusan kashi 4 cikin 100 na dawowa baya. Mahaɗa biyu ne, gaba da baya, sai hasken ya yi ta kai da komo tsakaninsu yana karo da kansa. A allo za ka ga sigina ta zama gargada kamar hanyar da ba kwalta, layin iskar da kake nema ya zauna a kan tudu. Zafin ɗaki ya ɗan canza, gargadar ta gusa, leza ta bi ta. Wannan ne ya sa muka koma wa irin zaren da aka yanke bakinsa a karkace da kusurwar digiri 8, mai filogi kore.

Wallahi na ga bambanci. Hasken da ya dawo ba ya samun hanyar komawa cikin ramin, gargadar ta kwanta sosai, leza kuma ta daina ɓallewa da rana.

Amma karkacewar tana cin haske, dole muka ƙara ƙarfin leza. Akwai kuma ragowar gargada da yankan bai taɓa ba, domin haske na bin ramin ta salo fiye da ɗaya, su ma suna karo. Ita sai ka naɗe zaren, ka manne shi kada ya motsa, ka lulluɓe shi daga iskar fanka.

Ina ba mai gina ƙaramin ma'aunin kaɗawar haske shawarar ya sayi wannan zaren, ya haɗa da na'urar hana haske komawa cikin leza. Kada kuma ya kuskura ya cusa koren filogi cikin shuɗi, wato na zaren da ba a karkace bakinsa ba, bakin duka biyun zai lalace.